Hammar da Ta Sauko da Baba Daga Kamiyo

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin wannan labari a bakin dangin kakanku, na kuma san yadda ake ba da shi: wai Rakiya ce ta kai ƙarar ubanta gaban soja, aka raba shi da motarsa ana tsakiyar yunwa. Ban taɓa musantawa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai duk masu faɗin hakan babu wanda ya zauna kusa da Baba a cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, ranar da na zauna. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni wuri ɗaya, ido kuma bai ƙare ba tukuna, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru da hannuna.

Shekarar babban farin nan ce, lokacin sojoji na riƙe da ƙasa. Damina ta zo ta wuce kamar ba a yi ba, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, mutanen arewa suka yi ta kwararowa Yamai da tabarmi da tukwane. Gidanmu yana Dar es Salam, lokacin filaye sun fi gidaje yawa a unguwar. Baba, Malam Abdu, mutumin Tawa ne, ya zo Yamai tun yana saurayi ya koyi tuƙi, har ya zama direba a ma'aikatar da ke kai hatsin agaji ƙauyuka. Ni ce babbar ɗiyarsa. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, na koyi buga mashin, shi ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke ni aiki a biro, wato ofishin ma'aikatar tasu a Filato, ina buga takardun tafiye-tafiyen motoci. A shekarar nan gidanmu na mutum bakwai ya koma na mutum kusan ashirin, domin Gwaggo Habsu, yayar Baba, ta iso da surukanta mata biyu da jikokinta bayan dabbobinsu sun ƙare. Baba bai ko ɗaga gira ba. Ya sa aka kafa rumfa a tsakar gida, ya ce wa Inna ta nemo babbar tukunya.

Ƙaton mutum ne kakanku, mai kaurin wuya da faɗin ƙirji, in ya yi gyaran murya a zaure har ɗakin ƙarshe ake ji. Babu wanda zai iya cewa ga ranar da hammar ta fara, mun dai farga ta zama abin gidan. Ba irin hammar da kowa ke yi ba ce. Sai ya wage baki har muƙamuƙinsa ya yi ƙara, hawaye su cika masa ido, bai gama rufe bakin ba wata ta biyo. Da safe bayan ya kwana yana yi, a gaban akushi yana yi, yana tsakiyar magana da baƙo yana yi. Kullum bayan hannunsa na hagu na kan baki, yana neman tsari da Shaiɗan. Da farko abin dariya ne, domin in ya fara sai ka ga duk tsakar gidan an kama, har mai daka ta tsaya da taɓarya ta yi tata. Da abin ya wuce wata biyu sai dariya ta ƙare, kowa ya fito da nasa dalili.

Inna ta ce, "Yunwa ce. Mutum ya yi loma uku ya tura wa yara akushi, jiki kamar nasa me zai riƙe shi?"

Gwaggo Habsu ta ce, "Baki ne. Duk garin nan an san ƙanena ke ɗaukar buhunan hatsi, ido nawa ne a kansa? Mai yawan hamma haka an taɓa shi ne."

Ta je ta karɓo rubutu, ta sa aka yi masa hayaƙi, ya sha ya turara don kada ya saɓa wa yayarsa. Hamsatu, maƙwabciyarmu Bazabarma mai sayar da kwaɗon zogale, ta leƙo ta katanga ta ce ita a wurinsu irin wannan hamma ta masu iska ce, a kai shi wurin zima, wato mai maganin iskoki. Inna ta yi mata godiya ta ce mu dai ba ma wannan. Shi kuwa Baba amsarsa ɗaya ce ga kowa.

"Gajiyar hanya ce. Ku bar ni in sha iska."

Sai ya ƙara goro, ya ƙara shayi mai ɗaci. Amma ni ina ganin abin da goro bai gyara ba. Na ga ya ɗauki kofi da rana tsaka, kafin ya kai baki kansa ya sunkuya, kofin ya faɗi. Na ga yana tashi da safe da ciwon kai, ido jawur kamar wanda bai runtsa ba. Wata rana muna tankaɗe ni da Inna, ta rage murya ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce minsharinsa ya canza, yakan ja ya ja, sai numfashin ya ɗauke ɗif, ta yi ta jira, har sai ta taɓa shi sannan ya zabura ya shaƙi iska. Ta ce ta daina barcin kirki saboda tsaronsa. Na ce mu kai shi gidan likita, ta ce wa zai tunkare shi da wannan magana.

Ana haka aka tura shi kai buhuna wani zangon 'yan gudun yunwa da ke wajen Tondibiya. Tafiya ce gajeriya, a je a dawo kafin azahar. Wanda ya saba bin mota da takardun sa hannu bai zo ba ranar, sai aka ce ni in bi. Na hau gaba ina murna, domin tun ina yarinya ban sake zama kusa da shi yana tuƙi ba. Muna fita gari rana ta ɗaga, ga kogi can hagu ya janye ya bar yashi. A bakin hanya mata ne da yara jefi-jefi, suna tsintar ƙwayar dawar da ke zubowa daga motoci, wasu da tsintsiya, wasu da hannu. Baba yana ba ni labarin wata gada da ya taɓa maƙalewa a kanta, yana yi yana hamma. Sai na ji labarin ya yanke a tsakiya. Na waiwaya na ga haɓarsa a kan ƙirji, idonsa rufe, kamiyon cike da kaya yana sauka daga kwalta a hankali. A gabanmu wata mata ce duƙe da goyo a bayanta, ta ajiye ƙwarya tana share ƙasa.

Ban san irin ihun da na yi ba. Na dai san na kama sitiyari da hannu biyu na tura. Baba ya farka ya taka birki, motar ta yi ƙugi ta tsaya a karkace. Matar ta faɗa gefe da ɗanta, taya ta bi ta kan ƙwaryar ta murƙushe ta. Muka sauka, Baba yana ba ta haƙuri da Zabarmanci da Hausa, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta durƙusa tana tattara dawar da ta cakuɗe da turɓaya tana zubawa a gefen zanenta. Buhu ba ya taɓuwa a zamanin nan, wanda ya farke ɗaya gidan kaso zai kwana. Sai Baba ya ɗauko ƙunshin dambun da Inna ta ɗaure masa ya miƙa mata. Da muka koma cikin mota ya daɗe bai tayar ba.

Ya ce, "Ba ki ga komai ba."

Na ce, "Baba, na gani."

"Rakiya, bakin mutum ashirin ke ci daga wannan sitiyari. Ki riƙe harshenki."

"To ku je gidan likita, ko a ɓoye ne. Ni zan raka ku."

"Babu ɓoye. Duk direban da ya je, takarda na riga shi isa biro. Na gama magana."

Kwana huɗu na yi ina bi ta kowace ƙofa. Na gaya wa Inna, ta yi kuka, ta yi masa magana, ya daka mata tsawar da ban taɓa jin ya yi mata ba. Daga nan ta dawo tana roƙona in rufa wa gida asiri. Na je wa Gwaggo, don ita kaɗai yake jin nauyi, na faɗa mata komai har da matar da goyonta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Allah ya tsare ai, kuma za ta ƙaro rubutu. Da na ce rubutu bai hana shi barci a hanyar Tondibiya ba, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Lakwal ce ta koya miki auna ubanki? Ɗiyar kirki ba ta tona wanda ya haife ta."

Rana ta biyar aka ajiye mini takarda a kan tebur. Jerin motoci ne da za su tafi arewa, su wuce Tawa har can ƙasar Agadas, tafiyar kwanaki cikin zafi. Sunan Baba ne na uku. Na sa takarda a mashin na buga suna na farko, na buga na biyu, hannuna ya ƙi ci gaba. Na yi tunanin in tsallake sunan in ce mantuwa ce, amma na san kafin la'asar za a gyara, kuma ko na yi nasara wannan karon akwai tafiya ta gaba. Na yi tunanin in buga in yi shiru in koma ga addu'a, kamar yadda kowa a gida ya zaɓa. Amma kowa a gida labari ya ji, ni kuwa na ji ƙarar ƙwaryar nan a ƙarƙashin taya. Na ɗauki takardar jerin da aka ajiye mini na miƙe.

Ku da kuka tashi a wani zamani ba za ku gane abin da ake nufi da ƙwanƙwasa ƙofar soja a lokacin ba. Mutum kan rasa aikinsa don ya makara da safe, manya masu furfura na miƙewa tsaye in an ji takun takalmi a baranda. Wani kapiten ne aka ɗora a kan ma'aikatar tamu, siririn mutum mara yawan magana, tunda na fara aiki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na shiga na tsaya a gabansa.

Na ce, "Mon kapiten, ina roƙon a tura direba na uku wurin lokotoro kafin a tashi."

"Me ya same shi?"

"Barci na sace shi a kan sitiyari."

"Wa ya gaya miki?"

"Ina cikin motar."

Ya karɓi takardar ya duba sunan, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ba ubanki ba ne?"

"Shi ne."

"Kin san abin da kike jawo masa?"

"Na sani. Abu ɗaya nake roƙo. Ciwo ne, ba laifi ba ne. Bai taɓa taɓa buhu ba, bai taɓa makara ba. A duba shi, kada a hukunta shi."

Na ɗauka korata zai yi. Sannan ya jawo takarda ya yi rubutu layi biyu, ya ce in koma kan aikina. Ta tagar biro na ga an kira Baba daga cikin direbobi a filin ajiye motoci, na ga ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa a gaban abokan aikinsa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗaga kai ya dubi tagar da nake tsaye.

Washegari muka je gidan likita, shi da Inna a gaba, ni a baya. Lokotoron, wato likitan, mutumin Damagaram ne, dattijo, ya yi mana magana da Hausa tsantsa. Ya auna jinin Baba sau biyu, ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa, ya leƙa maƙogwaronsa, ya danna ƙafafunsa. Ya ce ita hamma ba ita ce ciwon ba, abubuwa da yawa ke kawo ta. Wanda bai samu barci ba yana yi, mai yunwa da mai gajiya suna yi, mai ƙarancin jini yana yi, akwai ƙwayoyin maganin da ke sa ta, wani lokaci kuma daga zuciya take. Ya ce aikinsa shi ne ya gano wanne ne na Baba. Sai ya juya ga Inna ya tambaye ta yadda maigidanta ke barci. Inna ta sunkuyar da kai don kunya, na ce mata a hankali ta faɗi abin da ta faɗa mini. Da ta gama, lokotoro ya gyaɗa kai.

"To ga ta nan. Malam Abdu, kana kwanciya amma ba ka barci. Maƙogwaronka na toshewa, numfashi ya yanke, jiki ya tashe ka ba ka sani ba, haka har gari ya waye. Shi ya sa rana na yi barcin ke zuwa neman ka duk inda kake. Ga jininka ya hau sosai, zuciyar ma ta fara gajiya. Hanya da rashin ci sun ƙara, amma ba su ne tushen ba."

Baba ya ce, "A ba ni magani in koma kan aikina."

"Magani zan ba ka. Amma ba zan sa hannu ka hau babbar mota ba. In na sa, ni da kai muka kashe duk wanda ka taka."

Kapiten ya cika abin da na roƙa, ba a kori Baba ba, aka mai da shi mai tsaron ƙofar sito da rana. Sai dai albashin ya ragu, ɗan hatsin guzurin da ake ba direbobi in za su yi tafiya, wanda shi ke cike mana tukunya, ya yanke. Muka koma ci sau ɗaya a yini, tuwon jar dawa da miyar da ba ta da komai sai gishiri. Ayarin nan na arewa ya je ya dawo lafiya, sai aka samu abin faɗi, wai da an bar shi da shi ma ya dawo. Wataƙila. Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Gwaggo Habsu ta ce ba za ta zauna gidan da ɗiya ke sauke ubanta ba, ta kwashe mutanenta suka koma zangon 'yan gudun yunwa a bayan gari. Can ƙyanda ta shiga yara, ƙaramar jikarta, Zali, wadda nake yi wa kitso duk Juma'a, ta rasu. Ba zan ɓoye muku wannan ba, domin yana cikin abin da shawarata ta ci. Na je gaisuwa Gwaggo ta juya mini baya, kuma har ta bar duniya ba ta sake cin abin da na dafa ba.

Ban zauna kuka ba, babu lokacinsa. In na taso daga biro sai in taya Hamsatu gyaran zogale ta ɗibar mana, ranakun hutu kuma in zauna bakin kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙu zuwa ƙauyukansu. Baba ya daina yi mini magana. In na durƙusa gaishe shi sai ya ce "lafiya" yana kallon wani wuri. Kowace safiya ina ajiye ƙwayar maganinsa a kan faranti kusa da kunu, in na dawo in tarar da ita inda na bar ta. Washegari in sake ajiyewa. Mun fi wata muna haka, ni ban fasa ba shi bai sha ba, har ranar da na dawo na tarar da farantin wayam. Inna ta rage gishiri, ta ɗinka wani dogon matashi tana tokare masa baya don ya kwana a gefe kamar yadda lokotoro ya ce. Duk wata nakan tsaya a ƙofar sito in ce yau ranar awon jini ce, ya tashi ya bi ni, tazarar taku goma tsakaninmu. Hammar ta ragu, ciwon kan safe ya tafi, amma ba ta taɓa barinsa gaba ɗaya ba, kuma bai sake riƙe sitiyari ba.

Maganarmu ta dawo a hankali bayan ruwa ya dawo, daga "miƙo mini buta" zuwa hira. Shi ya aurar da ni ga ubanku, ya ga haihuwar ukun farko a cikinku, shi ya yi musu huɗuba. Amma zancen ranar nan bai taɓa tashi tsakaninmu ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata azahar ce, yana kwance a rumfa ƙafafunsa sun kumbura, ina yi masa fifita. Na ɗauka barci yake, sai na ji muryarsa.

"Rakiya, ranar da kika shiga wurin soja."

Na ajiye mafici na ce, "Na'am, Baba."

"Da safen nan tare muka fita gida. Tare muka taka har bakin titi. Ba ki ce mini komai ba."

"Lokacin ban ga takardar ba tukuna."

"Da kika gan ta fa? Ina ƙasan tagarki."

Gaskiyarsa ce. Matakala ɗaya ce tsakanina da shi ranar, na iya tunkarar soja amma na kasa tunkarar ubana.

Na ce, "Da na sauko na faɗa muku, da kun hana ni."

Ya ce, "Da na hana ki. Da kuma kin tafi duk da haka, na san ki. Amma da na ji daga bakinki, ba daga bakin wani ba a gaban mutane."

Na ce ya yafe mini wannan. Ya ce ya yafe tuntuni, so yake dai in sani. Sannan ya ce in ɗauki maficin, zafi ya dame shi.